Yadda Ake Lambu a Bokiti da Buhu a Tsakar Gidan Siminti

Yawancin gidajen da ake ginawa yanzu a Kano, Kaduna da Zariya, ana gama gini sai a malale tsakar gida da siminti ko a shimfiɗa intalok, ba a bar ko taku ɗaya na ƙasa ba. Mai zaman haya a bene kuwa, baranda ce kaɗai rabonta. Wannan bai hana uwargida ta riƙa tsinkar ganyen miyarta a gida ba, muddin akwai rana da ruwa da ɗan haƙuri.

Bari in faɗi gaskiya tun da wuri: bokiti goma ba za su raba ki da kasuwar 'Yankaba ba. Tumatirin da gida mai mutum takwas ke ci a wata guda, sai gona. Abin da lambun bokiti ya fi iyawa shi ne ganye da kayan ƙamshi, wato alayyafo, salak, lawashi, na'a-na'a, daddoya, yakuwa, sai kuma attarugu, wanda tushe biyu ko uku kan riƙe ƙaramin gida tsawon watanni. Shi ya sa nake ba duk mai farawa shawarar ta fara da ganye, ta bar tumatir sai hannunta ya faɗa.

Fara da duba rana

Kafin ki sayi ko ƙwayar iri ɗaya, ware yini guda ki lura da yadda rana ke yawo a gidanki. Ki duba da hantsi, ki duba da azahar, ki sake dubawa bayan la'asar. Wurin da yake samun rana awa shida ko fiye, nan ne na masu 'ya'ya: tumatir, attarugu, tattasai, kuɓewa. Wurin da yake samun awa uku zuwa huɗu ya wadaci salak, na'a-na'a da lawashi. Lungun da rana ba ta leƙa shi sam, ki bar shi ga tsintsiya da turmi.

A ƙasarmu ranar safe ta fi ta yamma albarka. Bangon da rana ke duka daga azahar zuwa magariba yakan ɗauki zafi ya riƙa mayar da shi har cikin dare, kuma bokitin da aka jingina masa a watan Afrilu saiwarsa dahuwa take yi. Idan kina da zaɓi, ki ɗauki gefen da rana ke fara sauka da safe, inuwa ta rufe shi wajen ƙarfe biyu ko uku.

Abu biyu kuma. Ki ɗaga kai ki ga inda indararo yake zubarwa, domin ruwan sama na dare ɗaya ta indararo ya isa ya kwashe ƙasar bokiti kaf. Sannan idan haya kike, ki yi wa mai gidan magana tun kafin ya gani da idonsa, ki kuma bar tazarar tafin hannu tsakanin bokiti da bango don kada danshi ya ɓata fenti. Masu baranda su tuna cewa bokitin lita 20 cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa yana kai kilo 25 ko fiye. A jera su ta gefen bangon ɗaki, kada a tara su a bakin baranda, kada kuma a ɗora ko ɗaya a kan katangar baranda inda zai iya faɗowa kan mai wucewa.

Mazubi

Ba sai kin sayi tukwanen fulawa masu tsada ba. Bokitin fenti na lita 20, jarka mai lita 25 da aka yanke samanta, bahon wanki da ya tsage, tsohuwar randa, buhun shinkafa, duk suna aiki. Abin lura shi ne girma, da kuma abin da mazubin ya taɓa ɗauka. Jarkar da ta ɗauki man gyaɗa ko manja, wanki kawai take so. Wadda ta ɗauki maganin feshi, baƙin mai ko wani sinadarin da ba ki sani ba, ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa. Bokitin fenti a kankare shi tas a wanke.

Tumatir tushe ɗaya, bokiti ɗaya na lita 20. Haka attarugu da tattasai. Na san ido zai raina, ki ga ɗan tsiro kamar allura a tsakiyar ƙaton bokiti ki ce bari in ƙara biyu. Kada ki ƙara. Bayan wata biyu saiwar tushe ɗayan nan za ta cika bokitin har ƙasa, idan kuwa uku ne sai su yi ta kokawar ruwa da abinci, a tashi babu mai 'ya'yan kirki. Kuɓewa tana iya zama biyu a bokiti. Alayyafo da salak faɗi suke so fiye da zurfi, baho mai zurfin santimita 15 zuwa 20 ya ishe su. Karas sai zurfin santimita 30. Zogale yana yi a rabin duro idan ana yawan datse kansa.

Buhu shi ne mafi arha, kuma ruwa ba ya kwanciya a cikinsa. A naɗe bakinsa zuwa rabi a cika. Aibinsa biyu: yana saurin bushewa, kuma rana tana cinye shi, da wuya ya wuce shekara bai fara yagewa ba. Tukunyar ƙasa kuwa ta fi kowa sanyaya saiwa a bazara, sai dai ita ma tana shan ruwa.

Kowane mazubi sai an huda shi. A sa ƙusa babba a wuta ta yi ja, a riƙe da filaya a yi huda shida zuwa takwas a gindin bokiti, kowace kaurin fensir, a ƙara uku ko huɗu a gefe, yatsa biyu daga ƙasa. Na gefen nan su ke ceto idan na gindi suka toshe. Sai a ɗora bokitin kan bulo biyu ko guntayen katako, ruwa ya samu hanyar fita, zafin siminti kuma bai taɓa shi kai tsaye ba. Mutane da yawa suna zuba tsakuwa a gindi wai don ruwa ya wuce. Ba ta ƙara komai, wurin saiwa kawai take cinyewa. Guntun buhu ko tsingaro a kan hudar ya isa ya hana ƙasa zurarewa. Kada kuma ki ajiye faranti a ƙarƙashi ruwa ya riƙa kwana a ciki, sauro kike kiwo.

Haɗin ƙasa, inda aikin yake

Shukar gona idan ta ji ƙishi ko yunwa sai ta tura saiwa ƙasa ta nemo. Ta bokiti ba ta da inda za ta je, abin da kika zuba mata shi ke nan duniyarta. Don haka idan za ki kashe kuɗi ko ƙarfi a wuri ɗaya, ki kashe a nan.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗebo ƙasa daga bakin titi a cika bokiti a shuka. Ƙasa zalla a cikin mazubi, bayan ban ruwa na sati biyu sai ta danƙare ta koma kamar bulo, ruwa ya kwanta a sama, saiwa ta rasa iska. Haɗin da ke aiki shi ne kashi biyu na ƙasar gona, kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya na buntun shinkafa. A auna da mazubi ɗaya, ko kwano ko bokiti. Idan ƙasar da kika samu mai laka ce, irin ta fadama, ki ƙara yashi mai tsakuwa-tsakuwa, ba mai laushin fulasta ba. Idan jigawa ce mai rairayi, bar yashi, ƙara taki.

Ƙasar a samo ta daga gona ko fili mai tsabta, ta saman nan mai duhu. A guji ta bakin kwata, ta bola, ta kusa da garejin makanikai, da ta wuraren da ruwan masana'antu ke bi, irin yankin Sharaɗa da Challawa ko bakin Jakara. Ganye yana ɗaukar gubar ƙarfe daga irin wannan ƙasa, kuma wanki ba ya fitar da ita.

Taki kuwa, sharaɗinsa ya ruɓe. Kashin awaki da na tumaki shi ya fi sauƙin samu a cikin gari, kuma bai cika zafi ba. Na kaji ya fi ƙarfi, ɗanyensa kuma yana ƙone shuka cikin kwana biyu. Yadda za ki gane taki ya nuna: ya yi baƙi-baƙi, yana marmashewa a hannu, ba ya wari sai ƙamshin ƙasa, idan kika tura hannu cikin tulin ba ki jin ɗumi. Idan ɗanye kika samu, tara shi a lungu, yayyafa ruwa ya yi danshi, rufe da buhu, ki riƙa juyawa duk sati biyu. Wata biyu zuwa uku ya isa. Masu sayar da furanni a bakin titi suna sayar da haɗaɗɗiyar ƙasa a buhu, ga wadda ba ta son wannan wahalar, amma ki buɗe ki duba kafin ki biya, domin wani buhun rabinsa yashi ne.

Buntu ana samunsa a wurin masu injin casar shinkafa, sau da yawa kuɗin ɗauko shi ya fi kuɗinsa. Aikinsa ya buɗe ƙasa iska ta shiga. Ya fi kyau idan an babbake shi: a hura 'yar wuta, a lulluɓe ta da buntu, a bar shi yana ci a hankali ana juyawa, da ya yi baƙi a kashe da ruwa kafin ya zama toka. Idan babu buntu, dakakken ɓawon gyaɗa ko garin gawayi na ƙasan buhu yana maye gurbinsa. Ɗanyen garin katako dai a bar shi, yana janye abincin shuka yayin da yake ruɓewa, ganye ya yi ta rawaya, ga kuma gayyatar gara.

A zube komai a kan buhu ko leda, a cakuɗa da shebur har launin ya zama ɗaya, a yayyafa ruwa. Gwaji: ɗebi cikin hannu ki dunƙule. Idan ya dunƙulu, kika taɓa da yatsa ya wargaje, haɗi ya yi. Idan ya zauna kamar ƙwallon laka, ƙara buntu. Idan ya ƙi dunƙuluwa sam, ƙara taki da ƙasa. Cika mazubi ki bar yatsa uku daga baki, ki ba shi ruwa sosai, sannan ki ƙyale shi sati guda. Ƙasar za ta zauna, ciyawar da ta biyo takin awaki za ta fito ki cire ta tun ba a shuka komai ba.

Lokaci da iri

Mafi dacewar lokacin farawa a arewa shi ne ƙarshen damina, daga Oktoba zuwa Nuwamba. Lokacin ne manoman rani na Kadawa da Kura ke dashen tumatir, kuma ba don son rai suke yi ba. Tumatir, salak, karas, kabeji da albasa duk sanyin hunturu suke so. Da zafin rana ya haura digiri 35, dare ma ya ƙi sanyi, furen tumatir sai ya riƙa kaɗewa ba tare da ya ƙulla ba, salak kuma ya yi tsiri ya yi ɗaci. Wadda ta dasa tumatir a watan Maris za ta yi ta ban ruwa tana kallon ganye. Idan a bazara ko damina sha'awar ta motsa miki, ki shuka masu jure zafi: alayyafo, kuɓewa, yakuwa, rama, lalo, daddoya.

Iri a saya a shagon kayan noma, cikin fakiti ko gwangwani a rufe, a duba ranar ƙarewarsa. A tumatir, UC82B da Roma VF su ne aka fi sani a nan, ba sa tsawo sosai, don haka sun dace da bokiti. Matse tumatirin kasuwa a shuka 'ya'yansa caca ce, domin idan aure ne aka yi wa irin, abin da zai fito ba lallai ya yi kama da uwar ba. Attarugu kam ana iya cire iri daga wanda ya nuna jawur, a shanya a inuwa. Idan kina shakkar tsohon iri, ɗauki ƙwaya goma ki naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ki ajiye a wuri mai ɗumi ki riƙa jiƙawa. Bakwai suka tsiro, iri na da rai. Uku suka tsiro, sayi wani.

Wasu ma ba sa bukatar iri. Albasar da ta fara tsiro a kwando, binne ta rabi, cikin sati biyu kina yankar lawashi. Na'a-na'a da daddoya, yanki reshe mai tsawon yatsa, cire ganyen ƙasa, sa a kofin ruwa, da ya fitar da saiwa ki dasa. Na'a-na'a a ba ta mazubinta ita kaɗai, domin duk wanda aka haɗa ta da shi sai ta mamaye shi.

Shuka da dashe

Alayyafo kai tsaye ake shuka shi. Ƙwayarsa ƙanana ce ƙwarai, don haka a gauraya rabin ƙaramin cokali da yashi cikin hannu ɗaya, a barbaɗa a baho, a rufe da ƙasa shara-shara, a yayyafa ruwa da hannu ko da gwangwanin da aka huda. Kwana uku zuwa biyar zai fito. Idan ya kai tsawon yatsa a rage shi, a bar tazarar yatsa huɗu tsakani, waɗanda aka cire kuma su shiga miya. Sati uku zuwa huɗu an fara yanka. Kada ki tuge, ki yanka ki bar kamar yatsa huɗu daga ƙasa, zai sake tohowa sau biyu ko uku. Dabarar da ke sa ganye ya ƙi yankewa a gida ita ce baho uku, ana shuka ɗaya duk bayan sati biyu.

Kuɓewa ma kai tsaye: jiƙa irin ya kwana, binne ƙwaya uku zurfin gaɓar yatsa, bayan sun fito ki bar biyu masu ƙarfi. Wajen kwana 50 zuwa 60 take fara 'ya'ya, kuma a riƙa tsinka duk kwana biyu tun suna ɗanyu, in an bar su suka ƙosa uwar sai ta rage haihuwa. Karas ba ya son dashe ko kaɗan, inda aka shuka nan zai zauna.

Tumatir, attarugu, tattasai da salak su ake reno. Ledar fiya wata da aka yanke bakinta aka huda gindinta ta isa, ko kofunan roba. Cika da haɗin ƙasar da aka tankaɗe, sa ƙwaya biyu a kowace, zurfin rabin santimita, ajiye inda ranar safe kawai ke samu. Tumatir yakan fito cikin sati guda. Attarugu yana da nawa, yakan kai sati biyu har uku, kada ki zubar ki ce ya mutu. Idan tsiron ya yi dogo siriri yana karkata gefe ɗaya, haske ne bai ishe shi ba. Idan kuma yana faɗuwa daga gindi kamar an tsunkule shi, ruwa ya yi yawa.

Tumatir yana isa dashe a sati uku zuwa huɗu, idan ya yi ganye huɗu ko biyar na gaske, ban da biyun farko da ya tsiro da su. Attarugu sai sati shida zuwa takwas. Kwana huɗu kafin dashe a riƙa ƙara musu lokacin rana kaɗan-kaɗan don su saba. Ranar dashe a jira sai bayan la'asar. A jiƙa ledar, a yaga ta, a fitar da tsiron da ƙasarsa ba tare da an taɓa saiwa ba. Tumatir a binne shi da zurfi har zuwa ganyen farko, domin karansa yana fitar da sabuwar saiwa duk inda ƙasa ta rufe. Attarugu da salak kuwa a tsaya daidai inda ƙasa take a leda. A danna gefe a hankali, a ba da ruwa, a kafa sandar da zai jingina tun yau, don kafa ta daga baya yana tsinka saiwa. Kwana biyu na farko zai yi laushi da rana, a kāre shi da kwali.

Sai maganar ƙadangaru. A cikin gari su ne maƙiyan farko, tsiron da kika yi wata kina reno sai su gama da shi kafin azahar. Kaji da ɓeraye na biye. A kifa tsohon kwando, ko a zagaye da ragar waya, har tsiron ya yi ƙwari.

Ban ruwa

Babu jadawalin da zai yi wa kowa daidai. Yatsa shi ne ma'auni: tura shi cikin ƙasa zuwa gaɓa ta biyu. Da danshi, bari. A bushe, zuba. Idan za ki zuba kuma ki zuba a gindi a hankali har sai ya fara ɗiga ta ƙasa. Yayyafin sama-sama kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama, rana ɗaya aka manta sai shuka ta kwanta. Da sassafe ya fi. A hunturu sau ɗaya a rana yakan isa, wani lokaci ma a tsallake. A bazara sai safe da yamma.

Ki yi lissafin ruwa tun kafin ki yawaita bokitai, musamman idan a wurin 'yan garuwa kike saye. Babban tushen tumatir ko kuɓewa yana shan lita biyu zuwa uku a ranar zafi, wato bokiti goma jarka guda ke nan kullum. Ruwan alwala, na wankin shinkafa da na wankin ganye duk a tara, suna da kyau. Ruwan omo, na bilic, da na wanke-wanke mai maiƙo da gishiri kada su kusanci shuka. Idan ruwan burtsatsenku mai gishiri-gishiri ne, za ki ga farin abu yana taruwa a bakin mazubi. Sau ɗaya a wata ki yi ambaliya, ki zuba ruwa mai yawa ya wanke ya fice ta ƙasa.

Rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa, ɓawon gyaɗa ko buntu, kaurin yatsa biyu, yana rage shan ruwa sosai. Wani abin da ke ruɗin masu farawa: idan ƙasa ta bushe ƙayau takan janye daga jikin bokiti, kina zuba ruwa sai ya bi gefe ya fice nan take, ki ɗauka ta ƙoshi alhali tsakiyarta ƙura ce. In haka ta faru, tsoma bokitin cikin baho mai ruwa na rabin awa, ko ki caccaka ƙasar da tsinke ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan. Idan tafiyar kwana biyu ta kama, cika gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi, huda murfin da allura, kifa ta cikin ƙasa kusa da gindi. Fiye da haka sai a bar wa maƙwabciya amana.

Baƙin tabon da ke fitowa a gindin 'ya'yan tumatir, wanda mutane ke ɗauka cuta ce su nemi magani, yawanci daga ban ruwa yake: yau a bushe, gobe a jiƙe sharkaf. Daidaita ruwa, 'ya'yan da za su biyo baya sai su fito lafiya.

Ƙarin abinci

Duk ban ruwa yana wanke wani abu daga cikin takin, don haka bayan kamar wata guda sai an ƙara. Ga masu ganye, cikin hannu ɗaya na ruɓaɓɓen taki bayan kowane yanka ya wadatar. Ga masu 'ya'ya, sati biyu bayan dashe a sa ƙaramin cokali ɗaya na takin zamani NPK 15-15-15 a bokitin lita 20, a zagaye shi can gefe nesa da kara, a rufe da ƙasa, a ba da ruwa. A maimaita duk sati uku. Cokalin shayi nake nufi, ba na cin abinci ba. A bokiti, yawan takin zamani ya fi ƙarancinsa kisa. Yuriya kuwa ganye take sa wa, idan kika ɗura wa tumatir zai yi kore shar ya cika wuri, fure kuwa sai ɗai-ɗai.

A ɗaure tumatir jikin sandarsa da yankin tsohuwar atamfa, sako-sako, ba da zare mai yanka ba. Ganyen da ke taɓa ƙasa a cire. Tsakar gida mai dogayen katangu ba ta samun iska da ƙudan zuma sosai, saboda haka idan fure ya buɗe, ki riƙa ɗan girgiza sandar da hantsi. Wannan kaɗai yana ƙara yawan waɗanda ke ƙullawa. Wajen wata biyu zuwa biyu da rabi bayan dashe za ki fara ganin ja. Attarugu yakan ɗauki wata uku ko fiye, amma idan ya fara yana daɗewa, har ya shekara idan ya tsallake bazara.

Ƙwari

Ki mayar da shi al'ada, duk safiya kina ban ruwa kina ɗaga ganye kina duba bayansa. A nan darɓa da farin ƙuda, ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan ganye, ke taruwa. Idan kaɗan ne, murje su da yatsa ko ki wanke da ruwa. Ganyen tumatir da kika ga an yi masa farin zane kamar taga, da 'yar tsutsa a ciki, wannan ce manoma ke kira Sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016. A lambun bokiti maganinta hannu ne: tsinke ganyen, ƙulle a leda, jefa a wuta. Tushen da sabbin ganyensa suka nannaɗe suka ƙanƙance suka yi rawaya, ya daina girma, cutar da farin ƙuda ke yaɗawa ce, ba ta warkewa. Tuge shi kafin ya shafa wa sauran.

Maganin gida da ya fi amfani shi ne 'ya'yan darbejiya. A busar, a ɓare, a daka kamar giram 50, wato cikin hannu ɗaya mai kyau, a jiƙa a lita ɗaya na ruwa ya kwana, a tace da tsumma, a narka ɗan sabulun wanki kaɗan a ciki don ya kama ganye. A fesa da yamma, sama da ƙasan ganye, duk sati. Ba ya kashewa nan take, hana su ci da hayayyafa yake yi, don haka sai an jure. A haɗa sabo kowane lokaci.

Fiya-fiya da Sniper da sauran magungunan sauro da kyankyaso ba na abinci ba ne, kada su taɓa ganyen da yara za su ci. Idan dole ta sa sai maganin shago, a sayi wanda aka rubuta na kayan lambu ne, a karanta kwanakin da za a jira kafin tsinka, a kuma cika su.

Bazara, damina, da zagaye na biyu

Daga tsakiyar Maris, matsar da bokitai inda inuwa ke sauka da wuri, ko a ɗaura buhu ko tsohon zani a sama ya tare ranar azahar. Baƙin bokiti a naɗe shi da farin buhu. A haɗa su wuri ɗaya, suna yi wa juna inuwa. Da damina kuma matsalar juyawa take: duba hudoji kada su toshe, cire ciyawar da aka rufe ƙasa da ita idan ta riƙe ruwa, a ƙara taki domin ruwan sama yana wanke shi da sauri.

Idan shuka ta gama, kada ki zubar da ƙasar. Zazzage ta a kan buhu ki duba saiwar. Fara mai yawan gashi, ƙasa lafiya lau: cire saiwoyin, ƙara kashi ɗaya cikin uku na ruɓaɓɓen taki da ɗan buntu, mayar. Sai dai a sauya mai zama, inda tumatir ko attarugu ya tashi a sa alayyafo ko lawashi, domin tumatir, attarugu, tattasai da gauta dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Idan kuwa kika ga saiwar ta yi ƙulli-ƙulli kamar carbi, tsutsar saiwa ce ta shiga, wadda ido ba ya gani, kuma kuɓewa da tumatir ta fi kamawa. Jiƙa wannan ƙasar, zuba ta a farar leda mai haske, ɗaure bakin, baje ta ta yi faɗi a kan siminti inda rana ta fi zafi, ki bar ta sati huɗu zuwa shida a watan Afrilu da Mayu. Bokitin kuma a wanke shi da sabulu a shanya kafin a sake cikawa.